Wata Biyun da Ustaz Fu'ad Ya Roƙe Ni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Ammar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya sa ka sauka Dammam lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin da za ka fara. Ni na ce wa Ummanka ta sa wannan takarda a ƙasan kayanka, don kada ka gan ta sai ka yi nisa da gida.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san karatunta zai yi maka nauyi, za ka riƙa tsayawa kana haɗa baƙaƙe, kuma haka nake so. Larabci na yi shekaru ina cin abinci da shi, na iya ɓuya a cikinsa. Da Hausa ban iya ɓuya ba.

Ranar da ka shigo da takardar ɗaukar aiki ka ce jaridar ta ba ka teburin wasanni, kowa a gidan ya yi murna, ni kuwa na yi shiru. Ka ɗauka ban so ba ne. Wallahi na so. Tsoro ne ya kama ni, domin akwai abin da na yi a irin wannan teburin wanda ban taɓa faɗa maka ba.

Lokacin muna ɗaki biyu a unguwar Hindawiyya, nan Jidda, ban daɗe da auren Ummanka ba. Mu biyar ne a teburin wasanni na jaridar da nake aiki, ni kaɗai ne baƙar fata. Shugabanmu Ustaz Salih, dattijo ne mai kaifin ido, ya san aiki kuma ya san inda ake taka ƙafa. Kusa da ni akwai Nabil, sa'ana, mai saurin magana da saurin fushi.

A garin nan akwai wata kulliya da yawancin ɗalibanta 'ya'yan manyan gidajen 'yan kasuwa ne. Suna da ƙungiyar ƙwallon kwando da suke ji da ita. A ƙwallon ƙafa an saba ganin irinmu a ko'ina, amma a wannan kulliyar ba wani baƙin ɗalibi da ya taɓa sa rigar ƙungiya. 'Yan kaɗan ɗin da ke can sukan yi wasansu a filin baya in an tashi. Ba wanda ya rubuta doka, kowa dai ya san iyakarsa. Sai aka kawo sabon mai horarwa, Ustaz Fu'ad, Balarabe haifaffen Jidda, gajeren mutum marar yawan magana. Ya tsaya a filin bayan nan ya kalli yaran mako guda, sai ya ɗauki uku ya sa su cikin biyar ɗin da za su fara wasa. Ya zaunar da 'ya'yan manya a benci.

Ranar da labarin ya iso ofis, Ustaz Salih ya tara mu bayan azahar, ya rufe ƙofa, abin da bai saba yi ba.

Ya ce, "Wasansu na farko jibi ne. Za mu rubuta wanda ya ci, da maki nawa, shi ke nan. Ba na son ganin maganar launin fata a shafina. Wannan damuwar wasu ƙasashe ce. Mu nan sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci."

Nabil ya ce, "Ya Ustaz, duk gari maganar ake yi. Mu kaɗai za mu yi kamar ba mu gani ba? Mutumin nan ya yi abin da ba a taɓa yi ba a kulliyar."

"Me ya yi? Nuna mini takardar da ta hana su wasa."

"Ai rashin takardar ne ya sa abin ya zama labari!"

Suka yi ta jayayya har muryoyi suka tashi. Can Ustaz Salih ya juyo gare ni ya ce, "Kai fa, ya Haruna? Ai mutanenka ne."

Duk suka zuba mini ido. Shekara uku na yi ina ƙoƙarin kada a tuna da fatata a wannan ɗakin. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni ɗan jarida ne, ya Ustaz. Ba ni da mutane."

Ya bugi tebur yana dariya ya ce, "Kun ji ko? To kai za ka je wasan."

Wannan shi ne kuskurena na farko. Ammar, za a yi maka irin wannan tambayar, ko da wasa ko da gaske, kuma duk ɗakin zai zuba maka ido. Ban ce ka zama kakakin kowa ba. Amma abin da ka sani saboda gidan da ka fito ilimi ne, kuma don ilimi aka ɗauke ka aiki. Ni na san unguwannin yaran nan, na san abin da ake ce musu a hanya, na san irin tsoron da iyayensu ke kwana da shi. Ba wani a teburin da ya san wannan sai ni, na kuwa watsar da shi don a yi mini dariyar yarda. Kada ka sayar da asalinka don a sake da kai.

Ranar wasan, bayan la'asar, zauren ya cika maƙil, fankoki suna juyawa a banza. Cikin yaran uku akwai wani dogo mai suna Isiyaka, ɗan unguwar Bani Malik. Ban taɓa ganin hannu mai taushi da ƙwallo irin nasa ba. Tun da ya jefa ta farko ta shiga, sai wani ɓangare na 'yan kallo suka fara. Da farko "ya takruni" suke ce masa, sunan raini da ake kiran irinmu 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi. Daga baya suka koma kalmar nan da ake kiran bawa da ita, wadda na hana a furta a gidana. Wasu daga cikin masu ihun ɗaliban kulliyarsa ne, rigarsu ɗaya da shi. An ture shi aka ba shi jifa biyu, yana tsaye yana daidaita numfashi wani ya wurgo ɓawon lemo ya same shi a wuya. Bai juya ba. Ya jefa duka biyun suka shiga.

Ustaz Fu'ad ya taka har teburin alƙalai, ya ce da murya da kowa ya ji, "In aka sake jefo wani abu, zan kwashe yarana mu fita." Aka tsayar da wasa aka yi ta cacar baki. Ina zaune taku kaɗan daga wurin, littafina a cinya, na ji komai. Yaran Ustaz Fu'ad suka ci wasan da ƙyar.

Ka san abin da na rubuta? Na ce 'yan kallo sun nuna zafin kishin ƙungiyoyinsu. Nabil ya karanta ya ɗago ya ce, "Wannan kawai ka ji?" Na ce masa hayaniya ta yi yawa.

Washegari da safe na je sayen tamis a gidan burodin unguwa. Mutanen da ke layi, waɗanda muka taso tare, suka yi shiru. Wani maƙwabcinmu ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Mun karanta, Malam Haruna. Ashe kishi ne." Na karɓi burodina na tafi, ban iya ci ba.

Kuskure na biyu ke nan. Ɗana, in ka ji abu da kunnenka, ko dai ka rubuta shi yadda yake, ko ka gaya wa shugabanka a fili cewa ka ji amma an hana ka. Kada ka nemo masa kalma mai daɗi. Mai karatu zai iya haƙuri da abin da ka bari, amma wanda aka zaga a gabanka ba zai manta da sunan da ka ba zagin ba.

Yanzu ka natsu, domin mafi muni yana gaba, kuma na yi shi ne ina ganin gyara nake yi.

Kunya ta hana ni sakat. Na ƙudurta zan rubuta babban labari wanda zai wanke ni a idon unguwa. Sai aka yi dace Ustaz Salih ya tafi hutu, ya bar shafin a hannun Nabil. Na je na sami Ustaz Fu'ad a ƙaramin ofishinsa da ke bayan zauren wasa. Ya ba ni kujera, ya amsa duk tambayoyina. Da na ce masa jarumi ne, ya ce, "Wane irin jarumi? Na fi son in ci wasa, su kuma sun fi iyawa." Na rufe littafi zan tashi sai ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Ya Ustaz Haruna, rubuta abin da ka ga dama a kaina. Amma Isiyaka, kada ka sa hotonsa, kada ka taɓa labarin gidansu."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Wato sun isa su yi maka wasa, amma ba su isa a ga fuskarsu a jarida ba?"

Bai saki hannuna ba. Ya ce, "Ya akhi, ka ba ni wata biyu. Ba zan iya faɗa maka dalili ba, ba sirrina ba ne. Bayan wata biyu ni da kaina zan kawo maka shi."

Na ce, "Tayyib." Ya ɗauka alƙawari na yi. Ni kuwa a zuciyata na riga na yanke masa hukunci, na ce farar fata ne mai son yabo shi kaɗai.

Daga nan na wuce Bani Malik. Na tsaya a shagon da ke bakin layinsu, na sayi lemo, na ja mai shagon da hira da Hausa. Ya sake da ni saboda harshe, ya ba ni komai. Ya ce a nan aka haifi Isiyaka, mahaifinsa mutumin Najeriya ne da ya zo hajji ya zauna, ya yi shekaru yana dako a ƙarƙashin wani kafili, wato ɗan ƙasa da ke tsaya wa baƙo a kan takardar zama, ya rasu bara. Ya nuna mini ƙofar gidansu da yatsa. Ban ƙwanƙwasa ba. Na ga na riga na sami abin da nake so, kuma in faɗa maka gaskiya ina tsoron a ce mini kada in rubuta.

Na zauna a gaban tafireta na zuba duk abin da na iya. Na sa maganar ɓawon lemon, na sa zagin. Na sa marayan ɗan dako da ya fi 'ya'yan manya. Nabil ya karanta idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ka yi magana da yaron?" Na ce, "Ai ɗan gida ne, na san su." Ni da na ce ba ni da mutane. Aka buga, da hotonsa babba yana tsalle.

Kwana uku ina yawo kamar ango. A gidan burodi aka hana ni biya. Ban tsaya na yi tunanin abin da duk ɗan Hindawiyya ya sani ba, cewa iƙamar ɗa, wato takardar zamansa, tana rataye da ta ubansa. In uban ya rasu, takardar zaman ɗan ta mutu tare da shi sai an sake masa kafili. Ni da kakanka ya samo mana takardar zama 'yan ƙasa tun kafin a haife ni, na manta da wannan. Na rubuta wa duk mai neman hanyar cire yaron nan hanyar da zai bi, layi bayan layi.

Rana ta huɗu wayar tebur ta yi ƙara. Ustaz Fu'ad ne. Muryarsa a kwance take, wannan ya fi ba ni tsoro.

Ya ce, "Sun tafi da shi daga ƙofar kulliya."

Na ce, "Wa? Saboda me?"

"Isiyaka. An kai ƙara a duba takardunsa. Ina kan mayar da kafalarsa shagon ɗan'uwana, saura sa hannu biyu. Wata biyu na ce maka." Ya ajiye.

Har yau ban san wanda ya kai ƙarar ba, kuma na daina nema, domin ni na ba shi makamin.

Ammar, wannan ne dalilin wasiƙar nan. In mutum ya roƙe ka ka dakata, kada ka fara da zarginsa. Ka tambayi kanka wa zai ji ciwo in ka ƙi. Kuma kada ka taɓa rubuta rayuwar mutum ba ka zauna da shi ba, ko da yabonsa za ka yi. Yabo ma yana kashe mutum. Ka lura da kanka sosai a ranar da kake jin kai ne mai gaskiya, musamman in kana da wata kunya da kake son wankewa. Ni ba don Isiyaka na rubuta labarin nan ba. Don a daina yin shiru in na shiga layin burodi na rubuta shi.

Ustaz Salih ya katse hutunsa ya dawo. Ya sake tara mu ya rufe ƙofa. Bai yi ihu ba. Ya ce kulliyar ta sallami Ustaz Fu'ad saboda ya sa ɗan wasa marar takarda, kuma shi kansa Ustaz Salih an kira shi daga sama an ja masa kunne.

Ya ce, "Gobe za mu rubuta cewa mai horarwar ya ajiye aiki saboda rashin lafiya."

Nabil ya miƙe. "Lafiyarsa ƙalau! Korarsa aka yi, kuma kowa ya san ba don takarda ba ne. Mu muka jefa shi, yanzu kuma mu binne shi?"

"Zauna. Na faɗa muku tun farko ku rubuta maki ku yi shiru. Da kun ji, da yaron nan yana aji yanzu." Ya juyo gare ni. "Kai ka kunna ta, kai za ka kashe. Ko ka rubuta, ko ka ajiye katinka na aiki a nan."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a maganar yaron yana da gaskiya, duk da shirun da yake so ba gaskiya ba ne. Ummanka tana da cikin yayarka Safiyya wata bakwai. Na kalli katin, na kalli Nabil. Na ja tafireta na buga layi huɗu. Na ce Ustaz Fu'ad ya ajiye aiki saboda dalilan lafiya, muna masa fatan sauƙi. Nabil ya kwashe takardunsa a ranar, bai sake yi mini magana ba.

Ba zan ce maka ka jefar da aikinka duk ranar da aka matsa maka ba. Na san nauyin iyali, kai ma za ka sani. Amma akwai tazara tsakanin a hana ka faɗar gaskiya da ka sa hannunka ka rubuta ƙarya. Da na ce, "Ya Ustaz, ka ba wani ya rubuta, ni ba zan iya ba," wataƙila da ya kore ni, wataƙila da bai kora ba. Ban gwada ba. Ka yanke wa kanka tun yanzu, kana cikin natsuwa, abin da hannunka ba zai rubuta ba. In ka bari sai an rufe ƙofa ana kallonka, tsoro ne zai yanke maka.

Bayan makonni aka sa Isiyaka a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba, da Hausar da ba ta fi taka ba. Sabon mai horarwa ya mayar da ɗaya daga cikin sauran biyun benci, ya bar ɗaya saboda ba zai iya cin wasa ba sai da shi. Yau in ka shiga zauren nan ba wanda zai ƙirga fatar 'yan wasa. Ustaz Fu'ad ya koma koyar da motsa jiki a wata makarantar yara a Waziriyya. Mun haɗu sau ɗaya a wata jana'iza, ya ba ni hannu ya wuce.

Shekara uku ina kewaye Bani Malik ko da hanyata ta nan ce. Daga ƙarshe na je na ƙwanƙwasa ƙofar. Mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, ta sa 'yarta ta shimfiɗa mini tabarma, aka kawo shayi. Na faɗi sunana. Ta ce ta sani.

Na ce, "Hajiya, na zo neman gafara ne."

Ta ce, "Ɗan nan, mai shago ya faɗa mini ka zo ranar, har ya nuna maka ƙofa. Taku nawa ne daga shagon zuwa nan?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, "Goma ne, na ƙirga. Da ka ƙwanƙwasa, da na ba ka shayi kamar yadda na ba ka yanzu, in ce ka rufa mana asiri. Kai ɗanmu ne, da ka ji." Ta tura mini kofin. "Sha, ya huce. Maganar gafara kuwa ba a hannuna take ba. Ba ni aka ɗauke ba."

Ta ba ni adireshin wani ɗan'uwan mijinta a Kano. Na rubuta wa Isiyaka wasiƙa uku cikin shekara biyu, ba amsa. Hajiya Rabi ta rasu ba ta sake ganinsa ba, don in ta fita ba za ta iya dawowa wurin 'ya'yanta mata ba. Ban san ko yana raye ba. Ina sa shi a addu'a bayan kowace salla, ban kuma san ko yana so ba.

Kuskurena na ƙarshe ke nan, jinkiri. In ka cuci mutum, ka je a ranar, tun yana iya zaginka. Ni na bari har babu wanda zan tsaya a gabansa.

A cikin ambulan nan za ka ga yankin jaridar, ya yi ja saboda tsufa. Ka karanta shi. Za ka ga rubutu ne mai kyau, ban taɓa yin wanda ya fi shi ba, har yau akwai dattawan da ke tsayar da ni a hanya suna sa mini albarka saboda shi. Na karanta abubuwan da kake rubutawa tun kana kulliya, Ammar, ka fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Allah Ya tsare ka daga sharrin mutane, Ya tsare mutane daga sharrin alƙalaminka. Ya ba ka shugaba mai adalci da abokin aiki mai faɗa maka gaskiya. Ya kiyaye fitarka da shigarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka riƙa kiran Ummanka ranar Juma'a. Safiyya da yaranta suna gaishe ka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Babanka,
Haruna
Hindawiyya, Jidda